Kalmomin da Malama Ladi Ta Ɓoye a Bayan Allo

Shekara goma sha tara ke nan da muka rasa Malama Ladi, ƙawata kuma abokiyar aikina. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, domin ba zan iya ba da labarinta ba tare da na tona kaina ba.

A ƙarshen shekarun saba'in muka koyar tare a wata firamare a Dutse Uku, cikin Jos, ita aji ɗaya, ni aji biyu. Lokacin an buɗe karatu kyauta, yara sun cika aji har bakin ƙofa: 'ya'yan teloli, 'ya'yan Fulani masu kawo nono, 'ya'yan masu lodi a Farin Gada. Kowa da yaren gidansu, Hausa ce kawai ta haɗa su. Amma hedimastanmu ya kafa doka: Turanci zalla a aji. Ni ina da takardar shaidar malanta. Ladi ba ta da ita, malamar wucin gadi ce, duk ƙarshen shekara sai hedimasta ya sa hannu kafin a bar ta ta ci gaba. Ga marayu uku a gabanta. Ina za ta?

Ta gwada bin dokar, wallahi ta gwada. Yara suka haddace sunayen haruffan Turanci suna rerawa kamar aku, amma ka nuna musu kalma ɗaya a littafi sai su zuba maka ido. Sai ta koma ga abin da ta taso da shi a makarantar allon mahaifinta. Wannan baƙi ne, wannan wasali. Baƙi ya ɗauki wasali, an sami gaɓa. Gaɓa da gaɓa, kalma. Inda za a ɗan numfasa, waƙafi; inda magana ta ƙare, aya. Kafin wata uku yaranta sun fara karanta rubutun jikin motocin haya.

Allonta irin mai ƙafafun nan ne da ake juyawa. Gaba ta rubuta darasin Turanci tsaf-tsaf, baya kuma nata na Hausa. Da an ji takun hedimasta sai ta juya shi, yara su ɗauki rerawa. Ina jin su ta bango, ina dariya. Ita ba ta taɓa yin dariyar ba.

Ranar da sufeton makarantu ya zo a kan babur, aka tara mu a ajinta. Ya miƙa wa wata yarinya littafi, ta karanta shafi guda ba gargada. Ya gwada ta biyu, ya gwada na uku, haka. Mutumin nan ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce bai ga aji ɗaya irin wannan ba duk zagayensa, mene ne sirrin?

Hedimasta ya yi caraf ya ce, "Oga, Turanci zalla. Ba ma barin Hausa ta shigo aji."

Sufeto ya dubi Ladi. Hannunta na kan allon. Juyi ɗaya ya rage kowa ya ga gaskiya, ita kuma ta rasa aikinta a ranar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya rubuta rahoto. Ba a jima ba muka ji ana kafa misali da makarantarmu, ana tsananta dokar a makarantun da ke kewaye da mu. Ƙoƙarinta ne ya zama hujjar da aka ƙara ɗaure ta, har da wasu malaman. Ta ce da ni a hanyar gida, "Malama Hajara, yaran can da ban taɓa gani ba, ni na rufe musu baki." Shekara takwas ta ƙara tana juya allon nan.

Yau jikata kan dawo daga makaranta tana cewa baƙi, wasali, gaɓa, da ƙarfinta, a littafi bugagge. Da Ladi ta ji, na san ba tafi za ta yi ba. Cewa za ta yi, "To, suna iya karantawa kuwa, ko rerawa ce?" Haka take, ba ta da sauƙin burgewa.

Ɗalibanta suna nan cikin Jos, wasu da furfura, har yanzu in suna koya wa jikokinsu karatu da kalmominta suke farawa. Wannan ya rage mata, Allah ya kai haske kabarinta. Abin da ya rage mini daban ne. Ranar nan ina tsaye taku biyu daga allon, da takardata a hannu, babu mai iya korata. Ladi tana da dalilin yin shiru. Ni ba ni da ko ɗaya.