Man Leɓen da Ba a Lasa

Hansai ta garin Kademi ba ta taɓa riƙe wata sana'a ba sai ta man leɓe. Mijinta Barau yana rataye amya a bishiyoyin gonarsa. In ya ɗebi zuma ya tace, kakin da ya rage nata ne. Ta narka shi da man kaɗe a 'yar tukunya, ta zuzzuba a battoci, ta yafa mayafi ta shiga gidaje. Man nan ba ƙamshi, ba launi, ba ɗanɗano. Amma tun kafin 'yancin kai, duk matar da sanyi ya tsage wa baki, Hansai take nema.

Ana nan sai ga Hanatu, wata 'yar ƙauyen Gafasa da aure ya kawo garin, ta fito da nata. Ita tana zuba zuma da turare, har da ɗan ja. Abinka da sabon abu, mata suka kwashe kaf suka koma can. In Hansai ta shiga wani gida ta yi sallama, sai a amsa mata ana lashe baki, a ce ai akwai saura. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don gidajen nan su ne duniyarta.

"Ki ɗan ɗiga zumar mana," in ji Barau. "Ga ta nan a tulu."

"Malam, baki nake gyarawa, ba alewa nake sayarwa ba."

Haka ta ce, amma ranar ko tuwo ba ta ci ba.

A shekarar nan, azumi ya faɗo tsakiyar sanyi. Leɓe ya bushe, ga ba halin shan ruwa. Mace ta shafa na Hanatu da hantsi, ba ta ankara ba sai ta ji zaƙi a maƙogwaro, ta zauna tana tunanin ko azumin ya tafi. Kafin a kai goma ga wata, duk an ture battocin zumar ƙarƙashin gado. Hansai ta koma narka kaki safe da yamma, tana mita tana jin daɗi.

Wata rana bayan azahar aka yi sallama. Hanatu ce, ta rufe baki da gefen mayafi. Da ta sauke shi, leɓen duk ya dare har da jini.

"Yaya Hansai, a taimaka mini da naki. Nawa ba ya shafuwa da rana."

Hansai ta daɗe tana tanadin maganar da za ta gasa mata, amma da ta dubi bakin nan sai ta fasa. Ta lakato man da yatsa, ta shafa mata da kanta.

"Naki ki ajiye wa amare, bayan salla za su neme ki. Azumi kam ki bar mini."