Ƙwallon Dabino Talatin na Malam Desmond

Kullum bayan la'asar, in ka bi ta bayan wata sakandaren maza da ke gindin duwatsu a gefen Dutse, za ka ji wata ƙara: ƙwal, shiru, ƙwal. Malam Desmond ne, malamin wasanni, mutumin Filato da aiki ya kawo garin nan a 1993. Yana zaune bisa dutse, ido a rufe, gwangwanin madara tsakanin ƙafafunsa, ƙwallon dabino talatin a hannun hagu. Yaro ɗaya ke jifan mashi a lokaci guda, kuma kowane jifa ƙwallo ɗaya zai faɗa gwangwani. In sun ƙare, sai ya ce, "Ajiye." Ko birgima yaro zai yi, jifansa ya ƙare sai jibi. Hannun damansa kuwa ba wanda ya taɓa gani a wajen aljihu.

Gaskiya abin da ban tsoro. Mutum ba ya kallo, amma bai taɓa kuskure ƙidaya ba. Da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan, kowa ya sa wa kowa ido, sai magana ta fita: wai duba yake yi, wai kwanakin yaran yake ƙirgawa. Mu ɗin nan, a nuna mana gwangwani da ƙwallo, yanzu mu ƙera boka.

A shekarar ne aka sami Zailani, ɗan Modibbo mai makarantar allo a Yalwawa, yaron da mashinsa ke wuce na kowa. Saura mako guda gasar jiha, Zailani ya yi jifa na sha tara. Malam Desmond ya buɗe ido. Yaran da ke wurin sun ce ba su taɓa ganin ya buɗe shi ana tsakiyar jifa ba.

"Ajiye. Kai da mashi sai bayan wata uku."

"Malam, wallahi ba na jin ciwon komai!"

"Ni na ji."

Shugaban makaranta ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Washegari Modibbo ya zo filin da kansa, carbi a hannu.

"Malam, mene ne kake ƙirgawa a kan ɗana?"

 Malam Desmond ya sa hagu ya zaro hannun dama daga aljihu. Hannun ya shanye, siriri kamar muciya, yana reto.

"Baba, ina shekara sha bakwai na yi jifa ɗari biyu rana ɗaya, ana ta yi mini tafi. Kafin jijiyar ta tsinke, kafaɗata ta yi wata 'yar ƙara. Jiya na sake jin ta a kafaɗar ɗanka."

Modibbo ya daɗe yana kallon hannun. Ya kama yaronsa suka tafi asibiti, likita ya ce saura ƙiris jijiyar ta rabu. Kofi ya tafi wata makaranta, kuma sai da aka yi shekara wasu malamai ba sa amsa gaisuwar Malam Desmond. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai ƙara ko ƙwallo ɗaya a kan talatin ba.

Malam Desmond, kai ne mai hana yaro abin da yake so don ya tsira da abin da zai buƙata. Watan nan za ka ajiye aiki, ba lambar yabo, ba walima. Mun zarge ka, muna jin kunya, mun gode. Masu horar da 'ya'yan mutane, ku koyi cewa "ajiye" tun ana tafi.

Bara Allah ya yi wa Modibbo rasuwa. Tun daga ƙofar gida har maƙabarta, Zailani na gaban makara, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi. A kafaɗar dama ya ɗauki mahaifinsa.