Iya Pyo, mai ciyar da ƙudan zuma cikin ƙanƙara

"Mayar da murfin nan, Deok-su, kafin ka sha sanda!"

"Haba Yaya, yunwa suke ji. Ruwan sukari kawai zan zuba musu."

"A watan ɗaya, cikin wannan sanyi? Kai ma bari a tuɓe ka a waje, a miƙo maka miya, mu gani."

Haka na same su a kan tudun bayan gari: Iya Pyo Geum-rye, mai shekara saba'in da takwas, da ƙanenta Deok-su, tsohon direban bas, wanda zai gaji amyoyinta arba'in. Likita ya ce ƙugunta ya gama aiki. Bayan bikin sabuwar shekarar gargajiya da ke tafe 'yarta za ta ɗauke ta zuwa birnin Wonju.

Hunturu arba'in da ɗaya ke nan tana hawa tudun nan kullum da hantsi. Ta share dusar ƙanƙara daga ƙofar amya, ta ɗan ɗaga bayan amyar da hannu ɗaya. Nauyin ne ke gaya mata abincin da ya rage. Wadda ta yi sauƙi, sai ta jira rana ta take, ta zura dunƙulen sukari kwaɓaɓɓe da zuma daidai saman ƙudan, ta rufe kafin ka ƙirga goma. Abinci mai ruwa-ruwa sai da kaka. Ta ce danshi ya fi sanyi kisa.

Shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya kwana tara, ɗan gidan waya ya gan ta tana jan rabin buhun sukari da igiya a ƙugu. Da Baba Yeom, wani mai kiwon zuma a garin, ya kwanta asibiti wata uku, ya fito ya tarar da amyoyinsa goma sha biyu duk ƙudan da ransu. Ya yi ta cewa sa'a ce, sai da mai kanti ya gaya masa wadda ta riƙa zuwa.

Ke ce, Iya, mai ciyar da waɗanda ba sa godiya, harbi ma suke yi. Tuffar garin nan ƙudanki ne ke bin furenta har ta yi 'ya'ya, kuma ban taɓa jin mai lambu ya hau tudun ya gaishe ki ba. To, mun gode. Mai sauran ƙarfi a cikinmu ya hau ya koya tun tana nan. Kwanakin ba su da yawa.

Kafin in sauko ta sa Deok-su ya ɗaga amyar ƙarshen layi.

"Wannan kam a ƙoshe take," in ji shi. "Har a bayana na ji ta."

Iya ta dogara sanda, ta sa hannu ta ɗaga. Ta dube shi.

"Je ka ɗauko sukari. Ba za ta kai kwana goma ba."

Ya tafi yana gunaguni. Furanni kuwa sai watan huɗu. Ranar da motar Wonju ta tashi da ita, in Deok-su ya ce amya a ƙoshe take, wa zai sake ɗagawa?