Gurbin Mota Na Bakwai

Kullum da hantsi ina hango shi daga tagar ofishinmu, yana ratsa filin ajiye motoci na sabon kanti. Dogon tsoho ne, rigarsa ta koɗe amma a goge take. Hanya miƙaƙƙiya ce zuwa titi, amma sai ya yi kwana ya kewaye gurbin mota na bakwai, leɓɓansa na motsi. Ko babu mota, ba ya taka wurin.

Da ganin tafiyarsa, nan aka binne cibiyarsa, tun kafin birni ya haɗiye ƙauyensu. Amma allon bakin ƙofa cewa yake an kafa unguwar nan shekara goma sha biyu da suka wuce. Goma sha biyu! Da can aljanu ne ke noma ta?

Yau mai gadi ya daka masa tsawa: "Baba, kana tare hanya! Miƙe ta nan mana!"

Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ɗana, mahaifiyata ce kwance a ƙarƙashin nan. In kai ne, za ka bi ta kanta?"

Bai rufe baki ba wata jibgegiyar mota ta danna masa hon, ta haye gurbin. Mai ita ya fito yana waya.