Ranar da Na Kai Ƙarar Mijina

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gidanmu na haya a Damba, cikin Gusau, rana ta take tsaka, sai wayata ta yi ƙara. Mijina ne. Bai daɗe da tafiya ci-rani ba, can kudu, wani ƙauyen masunta a bakin teku, kuma ba ya kira sai da yamma. Na ɗauka da sauri.

"Ke, yi mini addu'a," in ji shi. "Ruwa ya dawo."

Na ce wane ruwa kuma, da rani tsaka?

Mu mutanen gefen Bungudu ne, shi kuwa a gidan masunta aka haife shi. Gulbin da muka sani, da damina yake cika, da rani ya janye ya bar yashi, har yara su yi ta buga ƙwallo a cikinsa. In ya tafi ya tafi ke nan sai baɗi. Da hanyar gona ta gagara saboda 'yan bindiga muka dawo Gusau, ya kama dakon kwalayen kifin teku a shagon wata mata a Sabon Gari, wadda kowa ke kira Mama. 'Yar bakin teku ce, amma ta daɗe a Gusau har Hausarta ta nuna. Ita ta ga hannunsa ya san kifi, ta tura shi wurin ƙanenta a ƙauyensu, aka sa shi aikin bandar kifi.

A waya ya ba ni labarin a gaggauce, yana haki. Bayan ƙauyen akwai wata ƙorama mai faɗi da ke shiga cikin kurmi. Mutanen garin sun rufe ta, sun kafa sanduna da jan ƙyalle, domin nan kifi ke zuba ƙwai, ƙanana su girma kafin su fita teku. Wanda aka kama a ciki, a ƙona komarsa, in baƙo ne kuma a kore shi. An faɗa masa tun ranar da ya sauka. To da safen nan ya leƙa, ya ga ruwan ya janye ƙaf, sai laka, ga kifi na ta wutsil-wutsil a ƙananan ramuka. Sai ya yi wa kansa fatawa: ruwa aka hana shiga, wannan kuwa ƙasa ce. Ya ɗauki komar da ya zo da ita tun daga gida, ya wuce sandunan, ya yi nisa. Yana can yana tsinta ruwan ya biyo shi ta baya. Yanzu yana kan wata 'yar bishiya a tsakiyar laka.

"Ina ruwan ya kai?"

"Ya ci saiwa, yana hawa."

"To ba ka iya iyo ba? Kai da ka ƙetare gulbi da damina?"

"Wanga ba gulbi ba ne. Na gwada, laka ta riƙe ni har cinya, da ƙyar na hita."

Na ce ya kira mai gidansa, ƙanen Mama. Nan take muryarsa ta canja. "Kul! Kar ki hwaɗa ma kowa. Masu gadin ruwa za a turo, su ƙona koma, su kore ni. Da wane ido zan dubi Mama? Zai tsaya, ai ruwa ba ya hawa har abada." Ya kashe wayar.

Na tsaya da rariya a hannu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har da daren da muka baro ƙauye, domin a ranar ina ganin abin da nake gudu. Wannan kuwa ban san kamanninsa ba. Teku a wurina suna ne kawai da hoto a jikin kwali. Kuma ina jin haushinsa, wallahi ina jin haushinsa. Mutumin da mahaifinsa ke cikin masu tsare gurbin kifi a gulbi in Sarkin Ruwa ya rufe shi, wanda ya sha ba ni labarin yadda suke korar masu satar kifi, shi ne yau ya je garin mutane yana yi wa doka wayo.

Na zari hijabi, na bar garin a buɗe ga kaji, na tare Keke. Duk inda ya tsaya ɗaukar fasinja sai in ji kamar in fizge kan in tuƙa da kaina. A hanya na yi ta gaya wa kaina tambaya kawai zan yi. Ba zan ambaci kowa ba.

Na tarar da Mama tana sara daskararren kifi da adda. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Mama, in ruwan teku ya janye ya dawo, ina yake tsayawa?"

Ta ajiye addar, ta dube ni. "'Yata, wa ya shiga?"

Na ce tambaya kawai nake yi.

"Kullum yana tafiya yana dawowa, safe da yamma. Kwanakin nan kuma wata ya cika, hawansa ya fi na kullum. Yana shanye tsawon mutum ya ɗora. Wa ya shiga, na ce?"

Wayar ta sake ƙara a hannuna. Na ɗauka a gabanta. A bayansa ina jin wani sauti, cakal-cakal, kamar ana wanki a babban baho.

"Ya kai gwiwa," ya ce, "kuma babu sauran reshe sama." Sai ya fara gaya mini inda ya ajiye takardar makarantar yarinyarmu, da wanda zan nema cikin 'yan'uwansa. A ƙarshe ya ƙara da cewa, "Amma dai ba ki hwaɗa ma kowa ba ko?"

Mama na tsaye, ta miƙo hannu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa tsallake maganarsa a gaban mutane ba. Na san in na ba ta, na tona masa asiri, na raba shi da aikin da muka ɗora ranmu a kai, na jawo a ƙona komar da mahaifinsa ya saƙa. Na ba ta.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi ta wace sanda ya shiga, rana na gabansa ko bayansa, me yake hangowa. Sannan ta kira ƙanenta da tata wayar, ta yi ta zuba yarensu da ƙarfi har masu sayen kifi suka ja baya. Ta ce mini an tura masu gadin ruwa da kwalekwale mai inji.

Na sake kiransa, a kashe. Na sake, a kashe. Na zauna kan wani kwali mai sanyi, sanyin na ratsa zanena, ban iya tashi ba. Bakina na ta salati, idona na kan kifayen da ke jere a tire, bakunansu a buɗe. Mama ta juya tiren ta rufe da buhu. An kira azahar, an idar, ina nan zaune.

Da wayarta ta yi ƙara sai na toshe kunnuwana. Ta saurara, ta dafa kafaɗata. "Sun same shi. Ruwa a wuyansa, ya rungume itace, sai da suka ɓamɓare hannunsa."

An yi masa abin da aka ce za a yi. An ƙona komar a gaban jama'a, aka sa shi mota. Mama ta ce da ita ce ma haka za ta yanke, domin ƙoramar nan ita ke ciyar da ƙauyensu tun kakanni, in kowa ya shiga ya kwashe ƙanana, baɗi sai a jefa koma a ɗago ruwa. Ban yi mata musu ba.

Ranar da ya iso na je tasha tarbarsa. Ya sauko yana ɗingishi, ya amsa gaisuwata da ka, bai dube ni ba. Muka wuce gida. Da ya zauna ya ɗage wando, na ga ƙafafunsa duk yanka ne tun daga idon sawu har cinya, wani ɓawo mai kaifi irin na katantanwa da ke manne a saiwar bishiyar ya tsattsaga su. Na ɗora ruwan zafi, na kawo a roba, na ɗebo gishiri zan zuba yadda muke yi wa ciwo.

Sai ya riƙe mini hannu. 

"Banda gishiri," ya ce. "Na sha a ruwan teku, ya ishe ni."

Na wanke masa da ruwan haka nan. Bai saki hannun nawa ba, da ɗaya na yi aikin.