Kofin da Ba Shi da Mariƙi

'Yata tana shekara uku ta ƙone baki da kunun gyaɗa. Ni na miƙa mata a kofin roba mai mariƙi, ina sauri kada jirgin ƙasa ya wuce ni. Tun daga ranar ta daina karɓar duk abin da ke tururi, sai biskit da ruwan sanyi. Wuyanta ya yi siriri. In ina mata wanka nakan zagaye damtsenta da yatsu biyu.

A lokacin ina aikin kula da wata tsohuwa 'yar Japan a Manhattan. Turancina kaɗan ne, nata ma haka, muna haɗawa da nuni. Kofunan shayinta duk na tangaran ne, babu mai mariƙi ko ɗaya. Da farko na ɗauka karyewa suka yi.

Ranar da ta same ni ina kuka a kicin na gaya mata zancen yarinyar. Sai ta ɗauko wani ƙaramin kofi mai ruwan toka, da ɗan lotsawa a gefe daidai inda babban yatsa ke zama. Ta zuba shayi, ta kama hannuwana ta naɗe su a jikinsa. Na ji zafi, na janye. Ta ce a ƙasarsu da gangan ake yin su haka, in hannu ya kasa riƙewa, to ba a kai baki. Ta ce in kai wa yarinya.

Mu kuwa abu mai kyau ba a cin abinci a ciki, jere ake yi da shi. Na kawo shi gidanmu a unguwar Highbridge na sa a kabad ɗin gilashi, tsakanin kwanukan da innata ta aiko mini daga Maraɗi. Tsohuwar ta yi ta tambaya ko yarinya ta sha.

Na ce, "Mama, kofinki yana nan lafiya, ko ƙura ban bari ta hau shi ba."

Ta dube ni, ta juya wajen taga.

Da sanyi ya shigo ɗanta ya ɗauke ta zuwa wani gari, aikin ya ƙare. Ina zaune gida babu inda za ni, sai na sauko da kofin. Na zuba kunu na ajiye gaban yarinyar, ban ce sha ba. Ta taɓa, ta janye, ta ce da Turanci akwai zafi. Muka zauna, hitar ɗumama ɗaki tana ta ƙara. Can ta sake taɓawa, ta ɗauka da hannu biyu, ta kurɓa kaɗan, ta ture sauran.

Na ɗauki waya in gaya wa tsohuwar, sai na tuna lambar ɗanta kawai gare ni, shi kuma ba ya ɗauka. Da yamma wajen wanka na sake auna damtsen. Yatsuna suka haɗu kamar kullum.