Ranar da Na Auna Butar Yaya Lawali

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a Mayahi, kuma har yau in na zo wucewa ta rumfar maƙeran gwangwani ranar kasuwa, sai in ƙara sauri. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa ƙera butar ban ruwa ta masu garka, mai faffaɗan kan nan da ake huda wa 'yan ramuka don ruwa ya sauka a hankali. Masu garka daga Attantane har wajen Tasawa nasa suke nema.

Ni kuwa boko ya ɗauke ni har ƙasar waje. Aikin da na koya a can yana da wuyar bayani a gida. Cikin pis, wato 'yar ƙwaƙwalwar wayar salular da ke aljihunka, akwai layuka da ramuka waɗanda gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Ana ɗaukar hotonsu da mikroskof, madubin ƙara girman abu, sai a ba ordinatar, wato kwamfuta, hoton, ta bi gefen kowane rami ta faɗi inda ya karkace da inda ya kumbura. Ni ne mai koya wa ordinatar wannan duban. Da na yi wa Yaya bayani, dariya ya yi, ya ce ashe an kai ni Turai ne don in koyi tsegumi.

Wani hutu na dawo gida, kaina ya yi girma da sabon ilimi. Ranar kasuwa na zauna a rumfarsa yana huda kan buta da ƙusa da 'yar guduma, ba awo ba zane. Karambani ya kama ni. Na ɗauki kai ɗaya, na ɗaga shi sama haske ya ratsa, na ɗauki hotonsa, na sa a ordinatar da ke jakata. Nan da nan ta shafa kore a kan ramukan tsakiya, ta shafa ja a kan duk na gefe, domin ba zagaye suke ba, sun yi tsawo kamar ƙwayar kankana. Sai na juya allon wajen mutanen da ke zaune, har da masu sayensa, na ce su dubi kuskuren da ido ba ya gani.

Yaya ya daɗe yana kallon jan nan. Ya goge hannunsa a riga, ya ce, "To, ɗan boko, mi za a yi?" Wallahi daɗi na ji. Kafin in koma na buga masa takarda mai ɗigo-ɗigo a jere, tazara ɗaya, na ce ya riƙa ɗora ta bisa gwangwanin, ya tsai da ƙusa sak, kada ta jirkice. Ban tambaye shi me ya sa take jirkicewa ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ina da baki.

Amsar sai a zaman makokinsa na same ta, bayan shekara huɗu. Malam Hamisu, wani dattijo mai garkar albasa da ya fi shekara ashirin yana sayen butar Yaya, ya ja ni gefe bayan la'asar. Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce da gangan Lawali yake kwantar da ƙusa in ya zo ramukan gefe, don ruwa ya baje ya sauka kamar yayyafi. Irin albasa ba ya son duka. Tunda ramukan suka miƙe, ruwan ya riƙa haɗuwa wuri ɗaya yana tone fangali, iri ya taru a gefe, tsakiya ta zama sanƙo.

Na ce to me ya hana su gaya masa? Ya ce, "Mun hwaɗa mishi, ba sau ɗaya ba. Sai shi ce ƙanenai ya auna da na'ura, shi ba ya ƙaryata ƙanenai gaban mutane." A hankali masu garka suka koma butar roba da ake kawowa daga Najeriya. Yaya ya koma like tukunya da gyaran fitila. Duk wayar da muka yi a shekarun nan, bai taɓa ɗauko mini zancen butar ba. Cewa yake kasuwa sai godiya, sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina tsegumin.

Na sha tunanin ko ya yarda da na'urar ne da gaske, ko mutuncina yake karewa. Ina ganin na biyun ne, domin mutumin da ya yi shekara talatin yana zuba ruwa a buta yana kallon saukarsa ba ya bukatar allo ya gaya masa komai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yaya ya zaɓi ya rasa masu saye da a ce ɗan bokon gidansu ya yi shirme a kasuwa. Wannan ne yake ci na, kuma ban samu na ce masa ya yafe mini ba.

Ordinatar ba ta yi ƙarya ba, in za a yi mata adalci. Na ce mata zagaye shi ne daidai, ta nuna mini duk abin da ba zagaye ba. A pis haka ne, rami in ya karkace aiki ya ɓaci. Ni ne na ɗauko ma'aunin can na ɗora wa butar albasa. Yanzu duk ɗalibin da ya zo koyon aikin nan a hannuna, kafin ya taɓa hoto sai na tura shi wajen wanda ya ƙera abin, ya tambayo me ake nufi da shi. Suna ganin tsufa ne ya fara kama ni.

Da Yaya zai leƙo yau, da ya ga salula ma tana yin awon da na yi taƙama da shi, ya ga garkuna da yawa sun koma famfon hasken rana da tiyo. Na san ba zai yi baƙin ciki ba. Zai tsuguna ne ya dubi yadda tiyon yake dukan ƙasa, ya girgiza kai, ya fara neman gwangwanin da zai sa masa a baki.

Abin da ya rage nasa ba ya hannuna. Tsofaffin kawunan buta da ya huda kafin takardata suna nan a wasu garkuna. Buta ta mutu, a cire kan a ɗaura wa sabuwa da roba. Bara na je garkar Malam Hamisu na tarar da ɗaya, ya yi tsatsa, yana ta aikinsa. Na roƙe shi ya ara mini kwana biyu in ɗauki hotonsa, in fitar da yadda Yaya yake kwantar da ƙusa, ko wani maƙeri ya koya. Ya karɓe shi daga hannuna a hankali, ya mayar a bakin butar, ya ce, "Ɗana, ka taɓa auna guda. Bar muna wanga."